Burduddugi na Bakwai da na Takwas

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Takardar ta iso. Daraktan lakol, makarantar da nake koyarwa, ya miƙo mini ita a ƙofar buronsa yana kallon takalmansa, wato ya riga ya karanta. Daga jami'ar Maraɗi take, da sa hannun Dokta Muttaka, malamin da ke duba bincikena na mastar, digiri na biyu. Sun ba ni zuwa Talata bakwai ga Oktoba in sake gwajin, in kawo takardun zanen in ajiye gaban juri, kwamitin malaman da za su yanke hukunci. In sakamako bai fito ba, babu digiri, kuma za su rubuta wa masu duba makarantu cewa malamar kimiyya ta Gangara ta ƙirƙiri lambobi. Wadda aka rubuta wa irin wannan ba ta sake riƙe alli.

Ƙirƙira! Ni Baturiya, da na yi damina guda cur ina fiɗar kwaɗi a ajin da rufinsa ke yoyo, su suna can ƙarƙashin fanka. Wai kwaɗona na bakwai da na takwas lambarsu ɗaya ce, talatin da ɗaya, kuma ta yi wa sauran nisa. Salima ce ta gano, wadda muka zauna benci ɗaya shekara uku.

Ban ƙirƙiri komai ba. Zan sake, su jira.

Talata, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Ana hutu, lakol ba kowa sai maigadi da awakinsa. Na share ajin. Na'urata tana nan yadda na bar ta: gwangwanin madara a kan injin tsohuwar rikoda, yana juyawa a hankali, naɗe da takardar da nake turarawa da hayaƙin fitila har ta yi baƙi ƙirin. Tsinken tsintsiya ne alƙalamin. Gefe ɗaya na ɗaure shi da zare a tsokar sharaɓar kwaɗo, ɗaya gefen yana taɓa takarda. In na taɓa jijiya da wayar batir, tsoka ta tsuke, tsinke ya yi sama, ya bar farin zane. Tsawon zanen shi ne ƙarfin tsokar. A Maraɗi sun yi dariya ranar da suka ga hotonta, amma babu wanda ya ce ga tasa.

Inna ta kawo mini fura ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ajin nan. Ta ce, "Ke Baturiya, an hana kashe kwaɗo hwa. Mi kike nema cikin ƙahwar bawan Allah da ba ki samu ba bara?"

Na ce ta zauna in gwada a kanta abin da zan faɗa wa juri. Tsoka zaruruwa ce, kowane zare yana da fata, fatar tana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. In saƙo ya zo daga jijiya, ƙofar sodiyom ta buɗe, gishirin ya afka ciki. Wannan ya sa rumbun kalsiyom na cikin zaren ya buɗe, kalsiyom kuma shi ke sa zaren ya tsuke. Daga nan potasiyom ya fita ta tasa ƙofar, komai ya koma wurinsa. In ka yi ta bugun tsoka sau ɗari sai ta gaji, zanen ya yi ta raguwa. A nan nake ɗiga adirenalin, sinadarin da jiki ke zubowa cikin jini in mutum ya firgita ko ya fusata. Ba ya shiga cikin zaren. A waje yake tsayawa ya ƙwanƙwasa, wani ɗan aike na ciki ya ruga ya sa ƙofar kalsiyom ta ƙara buɗewa, famfon da ke mayar da gishiri wurinsa ya ƙara sauri. Sai ka ga gajiyayyar tsoka ta sake ɗagowa. Amma shi kaɗai ba ya motsa ta. In jijiya ba ta ba da umarni ba, ko kwalba guda ka juye tana nan kwance.

Inna ta ce, "Makaɗin noma ke nan. Ba shi riƙe hauya, amma in ya buga, wanda ya gaji shi miƙe."

Shekara biyu ina neman wannan jimlar da Faransanci. Ta karɓi kwanonta ta tafi.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Bakari ya kawo burduddugi shida, manyan kwaɗin nan, cikin ƙwarya. Makiyayi ne, sa'an marigayi babana, duk damina rugarsu tana bakin tabkin yamma da gari, kuma shi ke kamo mini tun bara. Burduddugi nake so saboda girmansa, sharaɓarsa ta kai ɗan yatsana.

Ya gaishe ni da Fulatanci: "Jam waali, Madam. Ruwan tabki shina ja da baya. Ki yi da wuri, in sun shiga laka sai baɗi."

Na zuba su a baho a barandar aji, kusa da randar da na girka ƙarƙashin indararo. Ruwan sama nake tarawa in haɗa ruwan gishirin da ke riƙe tsoka da rai, don na rijiya yana da tarkace. Bara randar a cikin aji take a kulle. Bana na fito da ita ta tari ruwan ƙarshe, ta kusa cika.

Alhamis, 18 ga Satumba, azahar

Na farko. Na yi bismilla na gama da shi cikin ƙiftawar ido, kamar kullum. Na ɗaure mayafina ta baya tamau kafin in matsa kusa da takarda. Yanzu haka nake yi.

Tsokar ta amsa a raunane tun farko. Ta gaji da wuri. Na ɗiga adirenalin na jira. Ko gezau.

Ɗaya ba ya zama hujja.

Asabar, 20 ga Satumba, azahar

Na biyu da na uku, duk kanwar ja ce.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Salima ta kira sau huɗu. Na bar wayar tana rawa a kan tebur har ta gaji. Ta turo saƙo wai ba don ta cuce ni ta yi ba, tambaya kawai ta yi a gaban Dokta. To, madalla da tambaya. Wanda bai taɓa zama awa biyar a kan tsoka ɗaya ba, zufa na ɗiga, sannan a minti ɗaya...

Ba zan rubuta maganar ranar nan ba. Ba ta da amfani.

Ban ƙirƙiri sakamakon nan ba. Na ga tsoka ta ɗago da idona, sau goma na gani.

Talata, 23 ga Satumba, magariba ta kusa

Na lura da wani abu jiya. Da na ɗiga adirenalin cikin ruwan gishirin, bayan ɗan lokaci ruwan ya yi ja-ja kamar an wanke kwanon zoɓo. Adirenalin in ya lalace haka yake yi. Na ce shi ke nan, kwalaben allurar adirenalin ɗin ne suka sha zafi. Na hau moto, wato babur, zuwa garin Agye na samo sababbi a farmasi, kantin magani, na naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma na rungumo su a hanya kamar jariri.

Dokta Muttaka ya kira ina tasha. Muryarsa a sanyaye, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Madam, in akwai abin da kike so ki faɗa mini kafin ranar, ƙofata a buɗe take."

Na ce, "Dokta, abin da zan faɗa takarda za ta faɗe shi."

Na kashe wayar a fusace. Na san sunan abin da ke yawo a jinina, na san ta ƙofar da yake bi, amma sanin bai hana ba.

Laraba, 24 ga Satumba, azahar

Na huɗu, da sabuwar kwalba. Ruwan ya sake yin ja. Tsokar ta mutu a hannuna kafin in kai bugu na hamsin.

Na fita bayan aji na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na wanke kayan aiki. Maigadi ya yi kamar bai gani ba, Allah ya saka masa.

Juma'a, 26 ga Satumba, da hantsi

Labari ya zaga gari. A kasuwa wata ta ce da ƙarfi don in ji, wai boko ya ƙare a farautar kwaɗi. Na juya na tambaye ta ko ɗanta ya ci jarrabawar da na yini ina koya masa kyauta. Ta ɗauki kayanta ta wuce.

Inna ba ta ce komai a kan takardar ba tun da ta zo. Yau tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kwana goma ke nan ba a ambaci bakwai ko takwas a gidan ga ba ki tashi tsam. Mai kaza a aljihu ba shi jimirin as."

Na ce ba ni da kaza. Ta ce to.

Na ɗaga kwalbar ruwan gishirin a rana ɗazu. Akwai wani farin gari kwance a gindinta kamar alli, bara babu shi. Ruwa ba ya tsami banza. Na sake auna gishiri iri huɗu da nake haɗa ruwan da su ɗaya bayan ɗaya, awona daidai ne.

Asabar, 27 ga Satumba, azahar

Na biyar. Saura ɗaya a baho, saura kwana goma.

Lahadi, 28 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Yau na fita da wuri, rana tana fitowa, don in gama kafin zafi. Ina shiga lakol na hango Bakari a baranda, durƙushe gaban randata, yana murmushe wani abu da yatsu yana zubawa ciki. Ya motsa da sandarsa, ya ɗebo da moɗa ya zuba wa kwaɗon.

Na ce, "Baffa, mene ne wannan?"

Ya buɗe tafinsa. Kanwa ce, jar kanwa irin ta shanu.

"Kwaɗi naki sun rame, Madam. Ba su ci, ba su kuka. Mu nagge, saniya ke nan, in ta rame kanwa muke ba ta. Kowace sahiya in na zo wucewa ina sa musu kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na kawo su."

Komai ya faɗo mini a lokaci guda. Kanwa tana kama kalsiyom ɗin da na auna ta kwantar da shi a gindin kwalba, farin garin ke nan. Kuma a ruwan kanwa adirenalin ba ya jimawa yake lalacewa, jan ke nan. Kwana goma sha ɗaya ina jiƙa tsoka a ruwan da aka sace wa kalsiyom, ina ɗiga mata mataccen magani.

Na yi masa faɗa. Mutumin da ya isa ya haife ni, na ɗaga masa murya har awakin maigadi suka watse. Na ce ya kashe mini kwaɗi biyar, ya ɓata mini ruwan da ba zan sake samu ba sai baɗi, ya kashe mini aiki. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Ya tsaya har na gama. Bai ce maigadi ne ya bar shi ya shiga ba, bai ce ni ce ban rufe randa ba, alhali duka biyun gaskiya ne. Ya ce:

"Ni na sa. Ba wanda ya ce in sa. Na ga kamar alheri ne, ashe ɓarna. In manyanki na Maraɗi sun tambaya, ki ce Bakari ne. In suna so su ji daga bakina, sai in bar shanu ga ƙanena in tahi."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Na saki kwaɗon da ya rage a bayan katanga, ya sha kanwar da ta ishe shi.

Lahadi ɗin dai, bayan la'asar

"Ni na sa." Kalma uku, ko tuntuɓe bai yi ba.

Litinin, 29 ga Satumba, azahar

Sama ta ɗauke, ko gajimare babu. In ba ruwan sama zan yi nawa. Na ɗauki babbar tukunyar Inna na zuba ruwan rijiya, na girka kwano a tsakiya a kan dutse, na kifa murfi a juye na zuba ruwan sanyi a kansa. Tururi ya hau, ya taɓa murfi, ya ɗiga cikin kwano, ya bar tarkacensa a ƙasa. Tun safe nake hura wuta, na samu abin da bai kai rabin lita ba, idona ya yi jawur.

Inna ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin wanda ya dafa ruwa don ya sami ruwa ba. Amma ita ce ke sauya mini na kan murfin in ya yi ɗumi.

Laraba, 1 ga Oktoba, da hantsi

Lita biyu. Na tafi ruga da ƙafata, da sukari da ganyen shayi a leda. Tabkin ya koma laka mai tsattsagewa, ɗan ruwan tsakiya shanu sun dama shi. Matan rugar sun fara naɗe tabarmi.

Na durƙusa na ce, "Baffa, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini."

Ya ce, "Wuta ce ta kama ki, ba ke ba ce." Ya kalli lakar. "Sun shiga. Amma na san inda suke kwana."

Alhamis, 2 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Huɗu. Bakari ya haƙo su da hannu, laka har gwiwar hannunsa, farcensa ɗaya ya fashe. Ya ce jibi za su tashi, gonaki sun fara buɗewa a kudu. Kafin ya tafi ya nuna sabon bidon, jarkar da na tara ruwana a ciki, ya ce, "Wannan ko kallo nai ba ni yi." Na yi dariya, karo na farko cikin makonni.

Alhamis, azahar

Ta ɗago! Allah, ta ɗago!

Zanen ya yi ta sauka kamar matakala, na ɗiga, na ƙirga minti, sai ga tsinken tsintsiya yana hawa. Ruwa garau, babu ja. Na ɗauki hoto sau uku kafin in numfasa kusa da takardar. Na auna: ƙarfin ya ƙaru da kashi goma sha shida cikin ɗari.

Ina Salima? Ina masu fanka? Su zo su gani.

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Sha tara, sha biyar, sha takwas. Duka huɗun sun amsa.

Na jera su kusa da na bara. Takwas na bara suna tsakanin sha biyar da ashirin, na bana ma haka. Kwaɗi goma sha biyu suna magana da murya ɗaya. Sai waɗancan biyun a tsakiyar shafi, talatin da ɗaya, talatin da ɗaya, kamar baƙin da suka zo biki ba gayyata.

Abin da juri ta nema ya samu. Zan iya ajiye takardun nan huɗu in yi shiru. In sun tambayi zanen na bakwai da na takwas, na riga na shirya amsa tun watan jiya: rufi ya yi yoyo ya jiƙa su. Kowa ya san rufin ajin nan, ba mai musu.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da hantsi

Rugar ta tashi. Na je na tarar da toka da turaku.

Bari in rubuta, ko a nan ne. Wata Alhamis ce a watan Agusta na bara. Na yi kwaɗi biyu a rana ɗaya, zanensu a takarda ɗaya, kuma sun fi kowanne kyau a idona. Na sunkuya in ɗauko wayata in yi hoto, bakin mayafina ya share takardar daga sama har ƙasa. Awa goma na aiki suka koma baƙin tabo a jikin yadi. Ban auna ba, ban ɗauki hoto ba. Na zauna na ce ai na gani da idona, sun yi tsawo, za su kai talatin. Na ƙara ɗaya don kada ta yi kama da ƙiyasi. Na rubuta ta sau biyu.

Rufi bai yi yoyo ba ranar. Ni na sa.

Na faɗa wa Inna ɗazu. Ta ce, "Na sani. Ni na wanke mayahin." Ta ci gaba da tsinke zogale.

Litinin, 6 ga Oktoba, a mota, mun wuce Gazawa

Takardun suna cikin kwali a kan cinyata, na hana kowa jingina. Na kira Salima. Na ce mata tambayarki daidai ce, amma har yanzu ina jin haushinki, ki ba ni wata guda. Ta ce ta ba ni biyu.

In za su kore ni, su kore ni. Amma daga bakina za su ji, ba daga lissafin wani ba.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar, a tasha

Su uku ne a teburi. Na shimfiɗa takardun huɗu, suka sa awo suka auna da kansu. Ɗaya ya ce abin sha'awa ne a ce tsinken tsintsiya ya yi wannan. Dokta Muttaka ya fara tattara takardunsa, ya ce shi dai ya gamsu. Babu wanda ya tambayi bakwai da takwas. Ƙofa tana bayana, taku biyar.

Adirenalin ya zubo cikin jinina. Makaɗin ya zo da gangarsa, amma hauya tana hannuna.

Na ce, "Ban gama ba. Na bakwai da na takwas ban auna su ba. Takardar ta goge, na rubuta abin da nake so ya zama. Ni na sa."

Dokta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Madam, kin san kin riga kin tsallake? Wa ya tilasta miki?"

Na ce wani makiyayi ne, bai ma san ya yi ba.

Sun fitar da ni awa guda. Hukunci: babu digiri bana, kuma maganar za ta zauna a fayil ɗina har abada. Zan cire biyun, in kawo sababbi goma baɗi, kowanne da hotonsa. Wasiƙar masu duba makarantu ba za ta tafi ba, biyu suka rinjayi ɗaya. Alli yana nan a hannuna.

Na karɓi jan bik, biron Dokta, na ja layi a kan lambobin nan biyu a gabansu. Layin ya fito a miƙe.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na wanke randa sau bakwai, na kife ta a cikin aji, na kulle. A kan tagar baranda na tsinci guntun jar kanwa da Bakari ya manta, ko ya bari. Na sa shi a aljihun teburina kusa da alli.

Inna ta tambaya ko za a sake kashe bayin Allah baɗi. Na ce goma, in Bakari ya dawo tabkin nan. Ta ce in bai dawo ba fa?

Na ce ya nuna mini inda suke kwana.